Jan Katin da Mijina Ya Ba Ƙanena

Tun kafin in aure shi mijina yake busa ƙwallo. Ma'aikacin gwamnati ne, a ofis yake yini daga Litinin zuwa Juma'a, amma a unguwarmu Nasarawo ba wanda ya san shi da aikin ofis. Rafali kowa ke ce masa, har masu acaɓa, har matan da muke zumunta tare a coci. Ni kuwa malamar firamare ce, kuma ƙwallo ba ta dame ni ba sai da ƙanena ya dawo hannunmu.

Shi ne autanmu. Da ya gama sakandare can gida a kudancin jiha, mahaifiyarmu ta turo shi Gombe ya koyi walda, muka ba shi ɗakin da ke bakin ƙofa. Dogo ne, ba ya da yawan magana, in ya ci abinci da kansa yake wanke kwanonsa. Bai daɗe ba samarin unguwa suka gano yadda yake buga ƙwallo da ƙafar hagu, suka sa shi a ƙungiyar Nasarawo yana buga gaba. Mijina yana ji da shi ƙwarai. Shi ya saya masa takalmin ƙwallo na gwanjo, kuma da yamma sukan zauna a kan benci a ƙofar gida yana koya masa dokoki, yana zana fili a ƙasa da tsinke. Auta yake ce masa, shi kuma yana ce masa Oga.

A dogon hutun wata shekara, wani darakta a ma'aikatar su mijina ya sa kofi tsakanin unguwanni. Ɗan unguwar Dawaki ne, can aka haife shi, kuma ana ta raɗe-raɗin yana shirin tsayawa takara. Aka kafa kwamiti, aka zaɓi filin wata makaranta, aka ɗauko rafali uku. Mijina ne babbansu.

Wasan farko da na je kallo tsakanin Kumbiya-Kumbiya ne da wata ƙungiya, kuma mijina ne ya busa. Maƙwabciyata Hajiya ce ta ja ni, don ɗanta ma yana buga wa Nasarawo, tana son mu ga waɗanda yaranmu za su haɗu da su. Ranar na ga mijina a wata kama da ban sani ba. Mutumin da a gida yaranmu ke hawa kansa, a fili ko murmushi ba ya yi. Wani ɗan Kumbiya-Kumbiya ya tafa masa hannu don shaƙiyanci, nan take ya ciro masa katin gargaɗi. Aka ba da fenareti, mai tsaron gida ya baro layinsa kafin a buga, ya kuma tare ƙwallon. Mijina ya ce a sake. Mutane suka yi ta ihu, bai ko waiwaya ba.

Hajiya ta ce, “Malama, mijin nan naki ba ya da wasa.”

Na ji daɗin maganar har cikin raina.

Nasarawo ta yi ta cin wasanninta har ta kai na kusa da ƙarshe, aka haɗa ta da Dawaki. Da na ji haka sai na ɗauka mijina zai janye da kansa, tunda surukinsa na ciki. Ina tsinke alayyafo a tsakar gida na tambaye shi wa zai busa.

Ya ce, “Ni.”

Na ce, “Baban yara, ga Auta a fili? Me mutane za su ce?”

“Kwamiti ne ya ba ni. Sun san Auta a gidana yake.”

“Kai ka nema, ko su suka ce?”

Ya ce in bar maganar. Na bari, amma abin ya tsaya mini. In da adalci ake so, ai 'yan Dawaki ne ya kamata su fara ƙin yarda da rafalin da ɗan wasan Nasarawo ke kwana a gidansa. Amma ko tari ba su yi ba. Me suka sani da ya sa hankalinsu ya kwanta?

Ana gobe wasan, wajen la'asar, motar darakta ta tsaya a bakin layinmu. Motar ba ta iya shigowa, don ruwa ya cinye hanyar. Direba ya tako ya yi sallama, mijina ya zura riga ya bi shi. Na leƙa ta saman katanga. Direban bai koma motar ba, ya tsaya wajen mai gasa masara, mijina kuma ya shiga baya, gilasai a rufe. Sun jima. Da ya dawo hannunsa ba komai, na duba sosai. Fuskarsa ce kawai ta canja.

Na ce, “Lafiya darakta da kansa?”

Ya ce, “Maganar ofis ce.”

A iya sanina darakta bai taɓa zuwa gidanmu ba, ko da muka yi suna. Kuma a lokacin ana maganar za a yi canjin wurin aiki, za a tura wasu ƙananan hukumomi masu nisa. Mijina ya sha gaya mini yana tsoron abin ya faɗo kansa, saboda makarantar yara da kuma aikina. Na haɗa wannan da wancan a zuciyata, sai na ce wa kaina ina zargin bawan Allah a banza.

Ranar wasan an yi ruwa da safe, gefe guda na filin duk laka. An kewaye shi da igiya, an kafa rumfa, darakta na zaune a gaba da manyan baƙi. Ni da Hajiya muka samu wuri a ƙarƙashin bishiyar maina, kusa da ragar da Dawaki ke tsaro, muna ɓare dafaffiyar gyaɗa.

Ba a daɗe da farawa ba kyaftin ɗin Dawaki, wani ƙato mai gemu, ya kwashe ƙafar ɗan Hajiya. Mijina ya busa ƙeta. Kyaftin ɗin ya taho da gudu har ƙirjinsa na taɓa na mijina, yana masifa yana nuna shi da yatsa. Na ce a raina yau wannan ya shiga uku. Mijina ya ja da baya, ya yi masa alama da hannu ya tafi. Ba kati.

Hajiya ta dube ni. Na ce ƙila yana so ya kwantar da wasan ne.

Can aka ture Auta a gaban raga, mijina ya nuna fenareti. Nasarawo ta ɓarke da sowa, ni ma na ji kunyar tunanin da na yi jiya. Auta ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya. Muna kusa, idona na kan mai tsaron gidan. Kafin ƙafar Auta ta taɓa ƙwallon ya riga ya baro layi, ba kaɗan ba, ya fi na mai tsaron gidan nan da ya jawo aka sake bugu a wasan Kumbiya-Kumbiya. Ya tare. Na jira usur, shiru. Mijina ya juya yana gudu zuwa tsakiyar fili.

Auta ya bi shi, ya ɗaga hannuwa biyu. Daga inda nake na ji muryarsa.

“Oga, ya fito! Ya fito daga layi!”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai zage shi ba, bai matso kusa ba. Mijina ya tsaya, ya sa hannu a aljihu, ya ɗaga masa katin gargaɗi.



Bayan hutun rabin lokaci Dawaki ta ci daga bugun kwana. Wannan cin kam ba abin da zan ce a kansa, da kai yaron ya sa ta, kowa ya gani. Daga nan suka shiga ɓata lokaci. An busa sun yi ƙeta, wani nasu ya daki ƙwallon ta haye katangar makaranta, sai da aka aika a ɗauko. Mijina ya yi masa magana da baki kawai.

Ana dab da tashi ɗan Hajiya ya cilla wa Auta ƙwallo ta sama. Ya tare da ƙirji, ya juya, ya zuba ta a raga da ƙafar hagu. Hajiya ta rungume ni, mayafinta ya faɗi a laka. Sai muka ji usur, ba na ci ba. Mijina na tsaye hannunsa a sama, wai satar gida. Na duba mai tuta na ɓangaren ragar, tutarsa na ƙasa. Har ya fara gudu zuwa tsakiya kamar yadda suke yi in an ci, sai ya tsaya yana kallon mijina.

Auta ya juya ya nufi ragar. Ya ɗauko ƙwallon daga raga, ya dake ta da iyakar ƙarfinsa, ta faɗa bayan rumfa. Mijina ya nufo shi a hankali, ya ɗaga katin gargaɗi na biyu, ya bi shi da ja. Sun tsaya suna kallon juna, sannan Auta ya tuɓe rigarsa ya fita ta ƙarƙashin igiya, bai tsaya wajen abokansa ba.

Filin ya rikice. Samarin Nasarawo na ihu, “An saya! An saya!” Wasu na jifa da curin laka. Da aka tashi sai da 'yan banga suka kewaye mijina suka shigar da shi wani aji. Na hango darakta yana gaisawa da mutane, yana dariya, ko inda ake hayaniyar bai kalla ba.

Muka tari keke ni da Hajiya. Mai keken ma daga kallon yake, kuma bai san ni ba. Tun daga bakin makarantar har Nasarawo bakinsa bai rufu ba.

“Hajiya, kun ga rafalin nan? Wallahi da can ina ganin girmansa. Ashe shi ma ɗan kasuwa ne. Ka ba wannan kati, wancan ya yi abin da ya fi shi ka ƙyale? An ce ma yaron a gidansa yake. Mutumin da zai sayar da na gidansa, wa zai bari?”

Hajiya ta matse hannuna, ta ce masa ya kula da hanya. 

Auta bai kwana a gida ba, a shagon walda ya kwana. Mijina ya dawo bayan magariba da laka a bayan rigarsa, ya yi wanka, ya ci tuwonsa sarai kamar ba abin da ya faru. Cin tuwon nan ya fi komai ba ni haushi. Na bari sai da safe, bayan yara sun fita wasa.

Na ce, “Baban yara, ina so ka gaya mini gaskiya. Me darakta ya ce maka a mota?”

Ya ajiye kofin kunu. “Malama, ke ma?”

“Ni ma. Ina wurin, da idona na gani. Mai tsaron gida ya baro layi. A wasan Kumbiya-Kumbiya ka sa an sake, jiya me ya hana?”

“Abin da na gani na busa.”

“Kyaftin ɗinsu ya taɓa ƙirjinka, ka ƙyale shi. Auta ya ɗaga hannu kawai.”

“Auta ya kira ni Oga a gaban jama'a. Kowa ya ji. In na ƙyale shi, me za a ce? A ce na bar surukina yana ba ni umarni a fili?”

“To cin fa? Mai tuta bai ɗaga ba.”

“Mai tuta na baya, bai kai layin ba. Ni na fi shi gani.”

Kowace tambaya da amsarta, kuma kowace amsa in ka ɗauke ta ita kaɗai tana iya zama gaskiya. Amma duk hukuncin da ke da shakka ɓangare guda ya faɗa. Na sake tambayar maganar mota. Ya ce darakta ya roƙe shi ne kawai ya riƙe wasan da kyau kada a yi rikici a gaban baƙinsa. Na ce ai shekaranjiya ka ce mini maganar ofis ce. Ya tashi ya ɗauki hularsa ya fita.

Daga ranar na shiga sa masa ido, abin da ban taɓa yi ba a zamanmu. In wayarsa ta yi ƙara ya fita waje, sai in rage wutar risho in kasa kunne. In ya shigo da leda, sai na san abin da ke ciki da inda ya saya. Ya ɗinka sabuwar shadda, na tambayi telan a fakaice yaushe aka kawo yadin, ya ce tun kafin a fara gasar. Ban samu komai ba, rashin samun kuma bai kwantar mini da hankali ba. Na ce ƙila ba abin hannu aka ba shi ba, alkawari aka yi masa, ko kuwa tsoratar da shi aka yi.

A unguwa ma ba sauƙi. Mai kayan miya da kullum ke tsokanata da matar Rafali ta koma ce mini Malama kawai. A zumuntar mata wata ta sa a yi addu'a don masu riƙe da amana, idonta a kaina. Wani malami a makarantarmu ya nuna mini bidiyon cin da ya ɗauka a wayarsa. Na kalla har ban san adadi ba. Hoton na rawa, kan wani mai hula ya tare rabin fili, kuma daidai lokacin da aka cillo ƙwallon ba a ganin ƙafar ɗan bayan Dawaki. Malamin ya ce ƙarara ci ne. Wani abokin aikinmu ɗan Dawaki ya kalla ya ce ƙarara satar gida ce.

Mai tutar nan makanikin babur ne a bakin titi. Wata rana na dawo daga kasuwa na tsaya wurinsa kamar gaisuwa ce ta kawo ni. Ya goge hannunsa da tsumma, ya ba ni benci.

Na ce, “Don Allah, ranar nan me ka gani?”

Ya ce, “Madam, ni dai ban ɗaga tuta ba. Amma laka ta riƙe ni, ban kai inda ya kamata in tsaya ba. Ba zan rantse ba.”

“Fenaretin fa?”

“Wannan kam ba laifin Oga ba ne shi kaɗai. Da safen ranar sakataren kwamiti ya tara mu, ya ce daga yau kada a ƙara sake fenareti don mai tsaron gida ya motsa, wai yana jawo rigima. Ya ce kuma a riƙa ɗaga wa kyaftin ƙafa in ya zo magana.”

“An gaya wa ƙungiyoyin?”

Ya ce, “Ban ji an gaya wa Nasarawo ba.” Ya ɗan dube ni, ya ƙara da cewa, “Mai tsaron gidan Dawaki dai kamar ya sani.”

Na tafi gida kaina ya fi da ɗaurewa. In haka ne, me ya hana mijina gaya mini? Da ya faɗa tun ranar da na tambaye shi, da rabin zargin ya sauka daga kansa. Ko kunya yake ji a san an canja masa doka da safe ya kuma yarda? Ko wani yake karewa? Da na tuntuɓe shi da maganar, cewa ya yi, “Wa ya gaya miki?” Bai ƙaryata ba, bai kuma ƙara komai ba.

Dawaki ta ɗauki kofin. Wani rafali ne ya busa wasan ƙarshe, mijina ya ce gwiwarsa na ciwo, ko kallo bai je ba. Bayan an koma makaranta canjin wurin aikin ya fito. An tura biyu daga ofishinsu ƙauye, shi an bar shi a Gombe. Ya shigo da labarin yana murna, yara na tsalle. Na ce mun gode wa Allah, na shiga kicin na tsaya ina kallon tukunya. Wasu da yawa ma an bar su, waɗanda ba su taɓa riƙe usur ba. Na gaya wa kaina haka, amma murnar ta ƙi zuwa.

Auta ya kwashe kayansa ya koma ɗakin wani abokinsa a Kumbiya-Kumbiya. Ya ce ya fi kusa da shago. Yakan zo gaishe ni in ya san mijina na ofis. Sau ɗaya na ce masa ya yi haƙuri, ƙila kuskure ne.

Ya ce, “Yaya, kuskure ɗaya ake yi. Shi ya koya mini dokokin nan da bakinsa.”

Mahaifiyarmu ce ta sasanta su da muka je gida Kirsimeti. Ba ta san satar gida ba, ba ta san fenareti ba, ta dai zaunar da su a ɗakinta ta ce ba za ta ci abinci ba sai sun gaisa. Suka gaisa. Da Auta ya tashi aure, mijina ne ya shige gaba wajen iyayen yarinyar, ya yi ta zirga-zirga kamar ɗansa na cikinsa. Yanzu Auta na da shagonsa, shi ya yi mana ƙofar ƙarfen da ke gidanmu, kuma ya ƙi karɓar ladan aiki. Ƙwallo kam bai ƙara bugawa a gasa ba.

Darakta bai samu takarar ba, daga baya ya yi ritaya. Kofin ma daga shekarar ba a sake sa shi ba. Mijina ya ci gaba da busawa na ɗan lokaci a wasannin makarantu, sannan gwiwar ta hana shi da gaske.

Bara muna dawowa daga jana'izar wani abokin aikinsa, keke ya bi da mu ta gaban makarantar nan. Yara na buga ƙwallo a filin, an ɗaga katangar, an sare mainar da muka zauna a ƙarƙashinta. Mijina ya bi filin da kallo har muka wuce. Ban tambaye shi komai ba, shi ya fara magana.

Ya ce, “Da na ƙi karɓar wasan nan tun farko, da ya fi.”

Na ce, “An tilasta maka ne?”

Ya kau da kai yana kallon titi. Mai keke ya tsaya ɗaukar wata mata da buhun gawayi, muka matsa mata. Tana zama ta gane shi, ashe ɗanta ya taɓa zama ɗalibina, ta shiga gaishe mu tana tambayar yara. Mijina ya biye mata da hira har muka sauka. Da muka isa gida ya ce kansa na ciwo, ya shiga ɗaki ya kwanta, ni kuma na ɗora ruwan tuwo.